Minti Arba'in da Biyar

Ofishina yanzu teburin cin abinci ne,
hawa na uku, Arequipa, taga tana kallon dutsen Misti.
An ɗaure ƙofar jami'a da sarƙa tun farkon annoba,
amma wayata ba ta san an kulle gari ba.

Wilber ne na ƙarfe takwas.
Sai ya hau tudun bayan ƙauyensu yake samun sabis,
ina jin iska tana fizgar maganarsa.
Ya ce, "Malama Nélida, ni lafiyata ƙalau,
barci ne kawai ya yi mini yaji."
Na ce, tun yaushe?
Ya shiga ƙirge da yatsu,
ƙirgen ya tsaya cak a ranar da aka ɗauki babansa
a motar da aka hana kowa ya bi.
Ba kyandir, ba zaman makoki,
sai takarda mai hatimi da lambar kabari.
Wanda bai ga an rufe rami ba,
da ramin yake kwana a ƙirji.

Yesenia, shekarar ƙarshe a karatun jinya.
Kwana biyu ta yi a layin iskar oksijin,
ta garo koriyar tukunya har gida,
kakarta ta shaƙa, ta tashi, har tana faɗan an cika gishiri a miya.
To me ya kawo ki, 'yata?
"Mutumin da ke bayana a layi.
Da aka zo kansa, iskar ta ƙare.
In na rufe ido hularsa nake gani."
Na duba kantar littattafaina, duk suka sunkuyar da kai.
Na ce, wane launi ce hular?
Ta ce, ruwan ƙasa, bakinta ya ɗan zare.
Muka zauna da hular, ni da ita,
har lokaci ya cika.

Eusebio a banɗaki yake rubuta jarrabawa,
nan ne kaɗai ƙofa ke da sakata.
Mutum bakwai, ɗaki biyu, waya guda.
Keken da uwarsa ke tallar kayan sanyi a dandali
ya zama wurin shanya.
Yana dariya yake ba ni labari,
irin dariyar da ake yi a tsaye a bakin rijiya.
"Ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a.
In na ajiye biro na ɗau dako, wa na ci amana?
In ban ajiye ba fa?"

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
To fuskar tana bayan takunkumi,
ko kuma baƙin akwati ce a jikin allo
da suna a ƙasansa: Brígida.
Mako uku ba ta kunna kyamara ba.
Ba a yi mata rasuwa ba, abinci bai yanke ba,
kunyarta ke nan, wai ta tare wa masu kuka wuri.
Daga ƙarshe ta ce, a hankali,
"Wata huɗu ina ɗakin haya ni kaɗai.
So nake in ji an kira sunana da baki."
Na kira.
Ta ce, "Ƙara."

Magariba, Misti ya yi ja, ya yi toka, ya ɓace.
Na wanke lemo ɗaya bayan ɗaya da sabulu,
na wanke hannun da ya wanke su.
Akwai lambar da aka ba mu, mu masu sauraro,
tana manne a jikin firij tun watan Mayu.
Na karanta ta. Na haddace ta ma.

Wayar ta yi ƙara, hoto ne daga Wilber:
gonar dankalin babansa, an yi mata huɗa, layin a karkace.
A ƙasa ya rubuta, "Jiya na samu awa uku."